Daren da -o Ya Cinye Min Aikin Sati Uku

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Jiya wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ya turo hoton sikirin ɗinsa a guruf ɗinmu na ɗaliban kwamfuta, ya cika da jan rubutu, ya rubuta a ƙasa: "Ni dai na haƙura, kaina ba na wannan karatun ba ne." Na buɗe hoton na bi kod ɗin layi-layi. Wallahi babu kuskure ko ɗaya a ciki, ko waƙafi mai ruwa yaron bai manta ba. Amma ga shi yana shirin zuwa neman canjin sashe. Abin ya tsaya min a rai, don ni ma a daidai wannan wurin na taɓa tsayawa, kan wannan saƙon dai, kuma na kusa yin abin da yake shirin yi.

Ni ɗan Mayo Bani ne, a Mubi ta Arewa. Kafin in shigo makaranta, zaman da na taɓa yi mafi tsawo gaban kwamfuta shi ne ranar jarrabawar JAMB. Da aka ce dole sai da laftof, Baba bai ce komai ba. Ranar kasuwa ya kora bijimi ɗaya zuwa kasuwar shanu ta Mubi, ya dawo ya ƙirga min kuɗin a hannu. Na sayi ta hannu, batirinta ba ya wuce awa biyu. Wanda ya fito daga gida irin namu ya san nauyin wannan. Ba na'ura kawai kake ɗauke da ita a jaka ba, bijimin Baba kake ɗauke da shi.

A wani shagon buga takardu aka saka min Dev-C++ daga filash, kamar yadda aka saka wa rabin ajinmu. Sati na uku muka shiga darasin for. Na kwafi misalin da ke cikin handawut harafi-harafi: for (int i = 0; i < 10; i++). Na danna. Sai ga ja:

'for' loop initial declarations are only allowed in C99 or C11 mode

Abokina da ke zaune kusa da ni ya rubuta wannan layin dai a Code::Blocks ɗinsa, ya tashi lafiya ƙalau, lambobi na zubowa. Na goge nawa na sake rubutawa. Ja. Na sake. Ja. Sau bakwai na yi, na ƙirga. Na kwafi fayil ɗinsa a filash na buɗe a tawa, nan ma ja. Sai na yanke cewa ɗayan biyu ne: ko dai mai shago ya cuce ni ya sayar min da laftof mai aljanu, ko kuma ni ne daƙiƙi. Da daddare na fi karkata ga na biyun.

Kwana huɗu ina haka kafin in nuna wa wani yayanmu ɗan ajin ƙarshe da muke zama unguwa ɗaya a Lokuwa. Hamma muke ce masa. Bai ma taɓa kibod ba. Ya ce, "Karanta min layi na biyu."

Na ce, "Hamma, ai duk kuskure ne."

Ya ce, "Na ce ka karanta."

Na karanta: use option -std=c99, -std=gnu99, -std=c11 or -std=gnu11 to compile your code.

Ya ce, "To, me ya ce ka yi?"

Kunya ta rufe ni. Kwana huɗu amsar tana gabana, kaza ta kwana kan dami. Ban taɓa karanta saƙon ba, launinsa kawai nake gani. Da na ga ja, ga Turanci mai kama da na likitoci, sai zuciyata ta buga, in koma kan kod ina neman laifin da babu shi.

Ga abin da ke faruwa, kuma shi ne dai matsalar ƙanin namu na jiya. Dev-C++ ba shi ne yake fassara kod ɗinka ba, shi allo ne kawai da ake rubutu a kai. Mai aikin yana bayan fage, sunansa GCC. Dev-C++ 5.11 da ke yawo a filash-filash ɗinmu ya fito ne a 2015, yana ɗauke da GCC 4.9.2. Shi kuwa harshen C ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Tun da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970 ake sabunta ƙa'idojinsa: akwai ta 1989, akwai ta 1999, akwai ta 2011, har da na bayansu. GCC 4.9.2, idan ba ka ce masa komai ba, da tsohuwar ƙa'idar 1989 yake auna ka, kuma a cikinta ba a yarda ka haifi int i a cikin bakan for ba. Daga GCC 5 ne aka mayar da ta 2011 ta zama ta yau da kullum. Abokina yana da Code::Blocks 20.03 mai GCC 8.1, shi ya sa nasa ya wuce. Ba ya fi ni ƙwaƙwalwa ba ne, alƙalinsa ne ya fi nawa sabon littafi.

Maganin kuwa bai kai minti ɗaya ba. Ka shiga Tools, ka zaɓi Compiler Options, ka sa alama a akwatin da ke cewa a ƙara umarni lokacin kiran kwamfaila, ka rubuta -std=c99 a ciki. Shi ke nan. Waɗannan 'yan guntayen kalmomi masu farawa da karan ɗori su ne zaɓuɓɓukan kwamfaila. Da su kake gaya masa da wace ƙa'ida zai auna ka, wane suna zai raɗa wa abin da ya haɗa, da yawan gargaɗin da kake so ya yi maka.

To, kun san halin sabon shiga. Da na ga -std=c99 ya yi aiki, sai na ɗauke shi laya. Na bar shi a akwatin. Da muka koma C++, kullum sai in ga gargaɗi wai zaɓin na C ne, ba na C++ ba. Na shiga intanet na ga ana rubuta -std=c++17, na ce ai babbar lamba ta fi, na saka. Sai ga unrecognized command line option. GCC 4.9.2 bai san wannan sunan ba, don ya riga shi zuwa duniya. Kamar ka je wa tsohon da ya rufe shago tun kafin a canja kuɗi da sabuwar dubu ne. Abin da ya sani shi ne -std=c++11, kuma shi ne ake bukata idan nullptr ko auto suka ƙi shiga. Duk wanda ya ga wannan saƙon, kafin ya yi komai ya rubuta gcc --version ya ga shekarun wanda yake magana da shi.

A ranar ne Hamma ya zaunar da ni ya koya min abin da ya fi duk lakcocin zangon amfani a wurina. Ya ce idan ka ga ja, tambayar farko ba "me na yi?" ba ce. Tambayar ita ce "wa ke magana?" Don ba mutum ɗaya ba ne a ciki. Ya kwatanta min da ranar rajista: akwai mai gadi a ƙofa, akwai magatakarda mai karɓar fom, akwai mai duba takardu, akwai mai haɗa fayil a ƙarshe. Kowa da irin korarsa.

Idan ka ga 'gcc' is not recognized as an internal or external command, ko ƙofa ba ka shiga ba. Windows ne ke cewa bai san inda gcc yake zaune ba, sai ka saka hanyar foldar bin ɗinsa a cikin PATH. Idan saƙon ya fara da gcc: error: babu sunan fayil da lambar layi, magatakarda ne ya ƙi fom ɗin, wato umarnin da ka buga ne ke da matsala, kod ɗinka ba a ma kai ga buɗe shi ba. Idan ka ga abu kamar main.c:12:5, to wannan kam naka ne, ka tafi layi na 12, ka leƙa na 11 ma. Idan kuma ka ga undefined reference ko ld returned 1 exit status, kod ɗinka ya riga ya wuce dubawa, linka ne mai haɗa gutsattsarin ya nemi wani yanki bai samu ba.

Shi wannan ld returned 1 exit status ɗin ya sa mutane da yawa kuka a banza. Ba shi ne kuskuren ba, sanarwar rasuwa ce kawai. Sanadin yana layin da ke samansa. Sau da yawa za ka ga Permission denied, ma'ana baƙar tagar shirinka na ɗazu tana nan a buɗe, Windows kuma ba ya bari a rubuta a kan shirin da ke gudana. Rufe tagar, sake dannawa. Masu Linux kuma su ne ke cin karo da undefined reference to sqrt duk da sun saka math.h. Nasu maganin -lm ne, kuma a bayan sunan fayil ake sa shi, ba a gaba ba, don linka daga hagu zuwa dama yake bi.

Akwai wani da ya fi ba ni haushi, don shi ido ba ya kama shi. An turo mana umarni a takardar PDF, muka kwafa muka liƙa, kusan ajin gaba ɗaya muka samu No such file or directory. Ga fayil muna kallonsa, ana ce mana babu. Ashe Word ne ya yi wa wanda ya buga takardar gwaninta, ya mayar da gajeren karan ɗori na -o ya zama dogo. A ido kusan ɗaya ne. A wurin gcc kuwa duk abin da bai fara da gajeren ba sunan fayil ne, sai ya tafi neman fayil mai suna –o. Haka alamomin zance masu lanƙwasa suke yi a cikin kod, su ne ke haifar da stray '\342' ko stray '\223' in program. Tun daga ranar ba na liƙa umarni daga PDF, da yatsuna nake bugawa. A nan ma a kula: -o ƙarami sunan abin da za a fitar ne, -O babba na ƙara wa shiri sauri ne, sifili kuma ba ya cikinsu.

Duk wannan na koya, har na fara jin kaina. Har yara na zuwa ɗakina in gyara musu. A lokacin ne -o ya nuna min iyakata.

An ba mu firojet na ƙarshen zango, maki 30. Ni na ɗauki shirin lissafin GP: ka shigar da kwasa-kwasanka da yunit da maki, ya fitar maka da sakamako, ya ajiye a fayil. Na raba shi biyu. Lissafin yana cikin lissafi.c, ɗan ƙarami. Duk sauran, menu da karɓar bayanai da ajiyewa, suna cikin main.c, layi ɗari uku da wani abu. Sati uku ina kansa. Malam ya ce ranar Litinin kowa zai haɗa nasa a gabansa ta baƙar taga, ba ta danna maɓalli ba.

Ranar Juma'a abincina ya ƙare, na tafi gida ɗebo tsaba. Daren Asabar, bayan lisha, ina zaune kan tabarma a tsakar gida, babu wuta, batiri ya rage kashi talatin. Na ce bari in gwada haɗawar sau ɗaya in kwanta. Na rufe Dev-C++ don in tsimi caji, na buɗe baƙar taga. Abin da ya kamata in rubuta shi ne:

gcc main.c lissafi.c -o gp

Abin da na rubuta, ido na lumshewa, shi ne:

gcc -o main.c lissafi.c

Sai ga undefined reference to WinMain. Na yi murmushi, na ce linka ne, bai ga main ba, na san wannan. Na gyara umarnin na sake bugawa. Sai ya ce main.c: No such file or directory. Na duba karan ɗorin, gajere ne. Na buga dir. Ga lissafi.c. Ga lissafi.h. Babu main.c.

Na sake buga dir, kamar zai canja ra'ayi. Na buɗe Recycle Bin, wayam. Gumi ya karyo min cikin sanyin nan.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta, shi ya sa ma ya fi ciwo. Duk sunan da ya biyo bayan -o, gcc yana ɗaukarsa a matsayin wurin da zai zuba abin da ya haɗa. Ni da hannuna na ce masa ya zuba a main.c. Linka ya share abin da ke wurin ya buɗe sabo, ya fara haɗawa da lissafi.c kaɗai, bai samu main ba tunda ban ba shi ba, aikin ya rushe. Shi kuma idan aiki ya rushe ba ya barin rabin fayil, gogewa yake. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Ba ya tambaya. Kuma kada wani ya ce ai don tsohon GCC ne. Sababbin suna ƙin yarda ne kawai idan suna ɗaya ka bayar a shiga da fita. Irin nawa, da main.c ya zo a fita kaɗai, har yau zai wuce.

Da a ce ban rufe Dev-C++ ba, da rubutun yana nan a buɗe, in danna ajiye ya dawo. Cajin minti goma nake tsimi.

Na tashi na fita bayan gida, inda sabis ke ɗan kamawa, na kira Hamma wajen ƙarfe sha ɗaya. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Innalillahi. Kana da kwafi a filash?"

Na ce babu.

"Imel fa?"

Babu.

Ya ce akwai manhajojin da ke tono fayil da aka goge, amma sai an sauke, kuma ba tabbas. Da wannan sabis ɗin da wannan batirin, ya ce kada in ɓata daren a kai. Can ya ce, "Tsaya. Ba ka turo min hotunan kod ɗin nan a WhatsApp ba, ranar da scanf ke kashe maka shiri?"

Ai kuwa. Kwana goma kafin nan shirin yana mutuwa da zarar na shigar da lamba, na ɗauki hoton sikirin guda shida na tura masa. A ranar ne ma ya sa ni ƙara -Wall, wanda ke sa kwamfaila ya faɗi abubuwan da yake gani ya yi shiru a kansu, nan take ya nuna min na manta & a gaban sunan da ke cikin scanf. Wanda bai saka -Wall ba ya je ya saka yau, ba sai gobe ba. Hotunan nan shida suna cikin wayata. Wasu sun yi duhu, ɗaya yatsana ya rufe gefe, amma sun kama kusan rabin main.c.

Sauran kuma littafi ne ya cece ni. Malam ya tilasta mana rubuta tsarin shiri da biro kafin mu hau kwamfuta, abin da na yi ta gunaguni a kai ina cewa aikin zamanin da ne. A cikin littafin na samu menu da yawancin sharuɗɗan maki.

Washegari da sassafe na kai laftof wurin mai cajin waya da ke da sola, na zauna kan benci a gefensa, waya a hagu, littafi a dama, ina bugawa. Yara sun kewaye ni suna jira in kunna fim. Duk layi ashirin sai in haɗa in gani, kuma kafin in danna Enter sai na karanta umarnin a bayyane kamar mai karanta wasiƙa, har mai cajin ya tambaye ni ko addu'a nake. Duk awa ɗaya in kwafa a filash ɗin da na ara. Da yamma na hau mota zuwa Mubi da buhun masara da galan ɗin mai, na ci gaba a ɗaki har asuba.

Ban gama ba. Ɓangaren ajiye sakamako a fayil, wanda na fi alfahari da shi, bayan hotunan na rubuta shi, kuma ba ya cikin littafi. Lokaci bai ishe ni in sake gina shi ba. Ranar Litinin na haɗa abin da ke akwai a gaban Malam, ya tashi, ya yi lissafi daidai. Ya tambayi ina ajiyewar da na rubuta a takardar bayani. Na gaya masa gaskiya. Ya ɗan yi dariya, ya ce ba ni ne na farko ba, ya rage abin da zai rage. Na samu 19 cikin 30. A kwas ɗin na tashi da C, inda nake hangen A.

Ƙaninmu na jiya, na tura maka saƙo ta inbox, ka duba. -std=c99 ne kawai, kada ka je ofishin kowa neman fom. Sauran kuma, don Allah idan za ku turo hoton kuskure a guruf, ku daina yanko jan layin ƙarshe kaɗai. Ku buɗe Compile Log, ko Build log ga masu Code::Blocks, ku ɗauko tun daga umarnin da aka buga har ƙasa. A can ne ake ganin wa ke magana.

Shi kuwa Baba, ashe a daren nan yana jin fitata da shigata. Da safe ina naɗe waya zan tafi wurin mai caji, ya kira ni ya ce, "Lafiya jiya kake ta sintiri?"

Na rasa yadda zan fassara masa -o. Na ce, "Baba, aikin makaranta ne na sati uku ya ɓace a cikin na'urar."

Ya kalli jakar ya ce, "Ita ta cinye?"

Na ce, "A'a, ni na miƙa mata ta ci."

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, alhamdulillahi. Na ɗauka bijimin ne aka yi asara."